Jagorar Bin Diddigin Cuɗanyar Furotin: Daga Kwamfutar Ɗalibi zuwa Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sikila ya ga abin da mannewar furotin da ɗan'uwansa ke yi wa jikin mutum, ko da bai san sunan abin ba. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, alfa biyu da beta biyu. A jinin mai sikila, amino asid ɗaya tak ya canja a gurbi na 6 na sarƙar beta: balin ya maye gurbin gulutamik asid. Shi balin ba ya shiri da ruwa. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin, sai balin ɗin ya samu wani ɗan gurbi a jikin himogulobin na kusa da shi ya lafe a ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta toshe ƙananan jijiyoyi. Duk azabar nan daga cuɗanya ɗaya ce da bai kamata ta faru ba.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu samar da furotin, kuma da wuya ka samu furotin da ke aiki shi kaɗai. In za a gwada kowane da kowane, za a yi gwaji kusan miliyan 200. Shi ya sa fannin nazarin halitta a dunƙule yake zana alaƙoƙin a matsayin raga: kowane furotin ɗigo ne, kowace alaƙa kuma zare ne tsakanin ɗigo biyu. Daɗin abin shi ne ɗalibin bayokemistiri a Jami'ar Jihar Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya zai iya yin kaso mai yawa na aikin da laftof da data, domin manyan rumbunan bayanan kyauta ne. Haɗarin kuma shi ne sauƙin ya yi yawa. Cikin minti biyar za ka fitar da hoto mai launuka wanda zai burge kowa a zauren kare furojet, alhali ba ka san me zare ko ɗaya yake nufi ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan: kowane zare da'awa ce da wani ya yi, kuma aikinka ne ka nemi hujjarta.

Mataki na 1: ka ƙuntata tambayarka

"Zan nazarci ragar furotin na ciwon daji" ba tambaya ba ce, fage ne da ba shi da iyaka. Tambaya ita ce wadda amsarta za ta iya zama e ko a'a, ko kuma ɗan gajeren jerin sunaye.

Ga misali daga ƙofar gidanmu. Hedikwatar Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Nijeriya, NITR, a nan Kaduna take, kuma marigayi Farfesa Andrew Nok na Zariya ya yi suna ne a kan nazarin wannan ƙwayar cuta da ƙudan tsando ke yaɗawa. Me ya sa *Trypanosoma brucei brucei* ke kama shanu amma ba ya kama makiyayin da ke tare da su? Saboda a jinin mutum akwai furotin mai suna APOL1 da ke shiga cikin ƙwayar cutar ya fasa ta. Nau'in *rhodesiense* na Gabashin Afirka yana da nasa furotin, SRA, wanda ke cafke APOL1 ya hana shi aiki, sai mutum ya kamu da ciwon barci. Nau'in *gambiense* na yankinmu ya bi wata hanyar daban, da furotin mai suna TgsGP. A 2010 kuma aka nuna cewa wasu sauye-sauye biyu na APOL1, G1 da G2, waɗanda suka yawaita a Yammacin Afirka, suna da alaƙa da ciwon ƙoda. To ka ga tambaya ta fito: waɗanne furotin ne APOL1 ke mu'amala da su a jikin mutum, kuma a cikinsu waɗanne ne ke aiki a ƙoda? Wannan ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka ya kai ta ƙarshe.

Mataki na 2: ka daidaita sunaye

Furotin ɗaya yakan yi suna uku ko huɗu a takardu daban-daban, don haka lamba ake bi. Shiga UniProt, rumbun bayanan furotin da ke intanet, ka samo lambar kowane: sarƙar beta ta himogulobin P68871 ce, APOL1 kuma O14791. In a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kake aiki, PlasmoDB za ka je, inda lambobin ke farawa da PF3D7. Na sammore suna TriTrypDB, suna farawa da Tb927.

Ka yi hattara da Excel. Yakan ga suna kamar SEPT2 ko MARCH1 ya ɗauka kwanan wata ne, ya mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris ba tare da ya faɗa maka ba. Ɓarnar ta kai har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon mutum suna ya sauya su zuwa SEPTIN2 da MARCHF1, amma tsofaffin jadawalai suna nan da tsohon suna. Kafin ka liƙa jerinka, ka mayar da rukunin ya zama na rubutu zalla.

Mataki na 3: ka san inda zaren ya fito

Nan ne mutane suka fi tsallakewa, nan ne kuma ginin yake.

Hanya ta farko ta gano alaƙar furotin biyu ita ce gwajin yis mai ɓari biyu, wanda Stanley Fields da Ok-kyu Song suka fito da shi a 1989. Akwai wani furotin a yis, GAL4, mai kunna ƙwayoyin gado, kuma yana da sassa biyu: mai riƙe DNA da mai kunnawa. Sai aka raba su, aka liƙa sashe ɗaya a jikin furotin A, ɗayan a jikin furotin B. In A da B suka kama juna, sassan sun haɗu ke nan, sai yis ɗin ya tsiro a kan abincin da da ba zai iya rayuwa a kai ba. Dabara ce mai kyau, tana nuna taɓawa ta kai tsaye. Sai dai a cikin cibiyar ƙwayar yis ake haɗuwar, wurin da watakila A da B ba sa taɓa zuwa a rayuwarsu ta ainihi, kuma furotin ɗin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta ba sa yin kyau a wannan gwaji. A 2000 da 2001 ƙungiyoyi biyu, ta Uetz da ta Ito, suka yi wa furotin ɗin yis wannan gwaji a faɗaɗe, kuma abin da sakamakonsu ya yi tarayya a kai ɗan kaɗan ne. Halitta ɗaya, hanya ɗaya, amsa daban-daban. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka daina kallon kowace raga a matsayin cikakkiya.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaura wa furotin ɗaya alama ya zama tarko, a fasa ƙwayoyin halitta, a janyo shi tare da duk abin da ya manne masa, sannan a tantance su da na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin. Da ita aka gina ragar BioPlex ta ɗan Adam. Abin da take bayarwa kamar hoton biki ne: ta nuna maka waɗanda suka tsaya wuri ɗaya, amma ba ta ce maka wane ne ya riƙe hannun wane ba. A cikin hoton kuma akwai 'yan cin shinkafa da ke halartar kowane biki, irin su keratin daga fatar mai gwajin, da aktin, da tubulin, da furotin ɗin ribosom. An tara sunayensu a rumbu mai suna CRAPome tun 2013. In ka ga abokin furotin ɗinka ya yawaita a can, ka rage murna.

Hanya ta uku, BioID ta 2012 da ƙanwarta mai sauri TurboID ta 2018, tana shafa wa duk furotin da ya matso kusa da tarkon, tazarar kimanin nanomita 10, alamar bayotin. Maƙwabtaka take nunawa, ba lallai taɓawa ba.

Akwai kuma alaƙoƙin da duk waɗannan ke wuce su saboda rauninsu. Ƙwayar *Plasmodium falciparum* ba ta iya shiga ƙwayar jini sai furotin ɗinta RH5 ya kama basijin, wani furotin da ke fatar ƙwayar jinin. Riƙon mai rauni ne, yana saki da wuri, shi ya sa sai a 2011 aka gano shi a Cibiyar Sanger ta Ingila, da wata dabara ta haɗa kwafi biyar na furotin wuri ɗaya don riƙon ya yi ƙarfi. Yau ga shi an yi gwajin rigakafin da aka gina a kan RH5 a kan yara a Burkina Faso. Saboda haka rashin zare a raga ba ya nufin babu alaƙa.

Mataki na 4: STRING, da hannu a kan kowane zare

Buɗe STRING, shafin intanet da ke tara alaƙoƙin furotin ya zana su raga, zaɓi wurin saka furotin da yawa, liƙa jerinka, ka tabbatar ka zaɓi halittar da ta dace. Hoto zai fito. Kada ka sauke shi tukuna.

Dubi launukan zaren. Mai ruwan hoda daga gwaji ya fito. Mai shuɗi-shuɗi mai haske daga rumbunan da masana suka tace ne. Baƙi yana nufin ƙwayoyin gadon biyu suna kunnuwa lokaci ɗaya. Mai ruwan ɗorawa da ya ja zuwa kore kuwa ma'anarsa kawai kwamfuta ta ga sunayen biyu tare a cikin rubuce-rubucen masana. Wannan na ƙarshe shi ke cika raga da zare, kuma shi ya fi yaudara, domin takarda za ta iya ambaton furotin biyu a jimla ɗaya don ta ce ba su da wata alaƙa.

Sai ka shiga wurin saituna ka yi abu uku. STRING yana farawa da makin amincewa 0.4, matsakaici ke nan. Ɗaga shi zuwa 0.7, ko 0.9 in kana son tsantsa. Cire alamar da ke kan hujjar rubuce-rubuce. In taɓawa ta zahiri kake nema, ka zaɓi ragar zahiri maimakon cikakkiya, domin cikakkiyar ta haɗa har da furotin da ke aiki a hanya ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Sabunta shafin. Sau da yawa za ka ga ƙwallon zaren nan ya zube, ɗigo da yawa sun koma su kaɗai a gefe, 'yan ƙungiyoyi biyu ko uku ne suka rage. Kada ranka ya ɓaci. Abin da ya rage shi ne abin da za ka iya tsayawa a kai gaban malamanka.

Yanzu danna zare ɗaya. Akwati zai buɗe ya rarraba maka makin: nawa daga gwaji, nawa daga rumbu, kuma ko hujjar daga wannan halittar take ko aro aka yi daga wata. Wannan batu na aro yana da nauyi ga mai aiki a kan sammore ko maleriya. Yawancin abin da aka sani an gano shi ne a yis, da ɓera, da mutum, sai a ɗauka cewa 'yan'uwan waɗannan furotin a ƙwayar cuta su ma haka suke yi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba, domin waɗannan halittu sun rabu da juna tun zamani mai nisa. Ga *falciparum* akwai babban gwajin yis na LaCount da abokan aikinsa na 2005 da ya ba da alaƙa 2,846, kuma da gutsattsarin furotin aka yi shi, saboda kusan kashi 80 cikin 100 na DNA ɗin wannan ƙwaya haruffan A da T ne, abin da ke wahalar da samar da cikakkun furotin ɗinta a yis.

Duk zaren da za ka gina magana a kansa, ka neme shi a rumbunan IntAct da BioGRID. Su suna faɗa maka hanyar da aka bi da takardar da ta ruwaito. Alaƙar da ke tsakanin halittu biyu, kamar ta SRA da APOL1, can da cikin takardun asali za ka neme ta, don STRING cikin halitta ɗaya yake dubawa. Sannan ka buɗe takardar da kanka ka ga hoton gwajin. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ƙa'idata ita ce: zaren da hanyoyi biyu mabambanta suka tabbatar, musamman daga ɗakunan gwaji daban-daban, shi nake kira alaƙa, sauran zato ne mai jiran hujja. Ga ɗan Adam akwai kuma taswirar HuRI ta 2020, mai alaƙa kimanin 53,000 tsakanin furotin sama da 8,000, wadda aka gwada bai-ɗaya ba tare da fifita sanannu ba.

Mataki na 5: Cytoscape da tarkon cibiya

Sauke ragar a matsayin jadawali, ko ka janyo ta kai tsaye da stringApp a cikin Cytoscape, manhajar kyauta ta zana raga da nazarinta, da aka gabatar a 2003. Sauke ta sau ɗaya ne. Bayan haka yawancin aikin ba ya bukatar intanet. Sa ta lissafa maka abu biyu ga kowane ɗigo: yawan zaren da ke jikinsa, da yawan gajerun hanyoyin da ke ratsawa ta kansa. Na farko yana nuna cibiya, na biyu yana nuna gada tsakanin ƙungiyoyi. Don fitar da ƙungiyoyin da suka cure wuri ɗaya, yi amfani da dabarun lissafi na MCODE ko MCL.

A 2001 Jeong da Barabási da abokansu suka nuna cewa a yis, furotin masu zare da yawa sun fi zama waɗanda in aka cire su ƙwayar ke mutuwa. Daga nan aka samu al'adar da ta zama ruwan dare: a fitar da cibiyoyi goma na sama, a ce su ne wuraren da magani zai nufa, a rufe babi. Ina roƙonka kada ka tsaya nan. TP53, da AKT1, da TNF, da IL6 suna fitowa a saman jerin kusan kowace cuta, ciwon suga ne ko daji ko hawan jini. Wani ɓangare na dalilin shi ne an fi nazarinsu, dubban masu bincike sun neme musu abokai, shi kuwa furotin ɗin da ba wanda ya kula da shi yana zaune da zare ɗaya. Ga gwaji mai sauƙi: ɗebo furotin barkatai masu yawan naka, ka bi da su ta matakan nan. In cibiyoyinka sun sake fitowa, to ba cutarka suke ba da labari ba. Kuma ko cibiyar ta gaskiya ce, wadda jikin mutum ya dogara da ita a wurare da yawa ba ta cika zama wurin saka magani mai aminci ba. A wajen ƙwayar cuta, abin nema shi ne alaƙar da ita ba ta rayuwa sai da ita, mutum kuma ba shi da irinta.

Mataki na 6: me ƙungiyar ke yi?

Ɗauki kowace ƙungiya ka saka ta a shafin g:Profiler don ganin ayyukan da suka yawaita a cikinta bisa GO, KEGG ko Reactome, rumbunan da suka jera aikin kowane furotin. Abu biyu kawai: yi amfani da ƙimar da aka gyara saboda yawan gwaji, kuma ka saita jerin kwatance daidai. In daga ƙoda jerinka ya fito, da furotin ɗin da aka gano a ƙodar za ka kwatanta, ba da dukan na jiki ba. In ba haka ba, sakamakon zai sanar da kai cewa ƙoda ƙoda ce. Duba kuma a UniProt ko Human Protein Atlas cewa furotin biyun suna zama a sashe ɗaya na ƙwayar halitta da gaɓa ɗaya ta jiki.

Mataki na 7: hasashen siffa

In ka tace har ka rage da alaƙa biyu ko uku, ka ga yadda za su iya haɗuwa. AlphaFold, wani shirin kwamfuta wanda ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024 da David Baker, yana hasashen siffar furotin biyu a haɗe. Ana iya amfani da shi ta ColabFold ko ta shafin AlphaFold Server, kuma a kwamfutocinsu ake lissafin, ba a taka ba. Ka sani cewa duk furotin biyun da ka ba shi sai ya manna su ya ba ka hoto mai kyau, ko da ba su taɓa haɗuwa a duniya ba. Makin ipTM, mai nuna ƙarfin amincewa da hasashen haɗuwar, za ka duba: sama da 0.8 abin dogaro ne, ƙasa da 0.6 yawanci hasashen bai yi ba, tsakaninsu kuma sai da ƙarin hujja. Amfaninsa na gaske shi ne ya nuna maka amino asid ɗin da ke bakin haɗuwar, waɗanda za a iya canjawa a ga ko riƙon zai saki.

Mataki na 8: benci

Gwajin da ya fi kusa da hannunmu shi ne janyo furotin da antibodi, wato furotin garkuwar jiki mai kama abin da ya sani kaɗai, a ga wanda ya biyo shi. Ana fasa ƙwayoyin halitta a ruwan da ke da gishiri milimola 150, da sabulun gwaji mai laushi irin NP-40 ko Triton X-100 kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, da magungunan hana narkewar furotin. A zuba antibodin A, a kama shi da ƙananan duwatsun Protein A ko G, a wanke sau uku zuwa biyar, a tafasa, a gudu da shi a jel, sannan a nemi B da nasa antibodin.

Komai a sanyin digiri 4 ake yi, kuma wannan ne babban ƙalubale a Kaduna, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kafin ka fasa ƙwaya ko ɗaya, ka tanadi ƙanƙara a kula, ka tabbatar da man janareta ko cajin inbata. In wuta ta ɗauke samfurin ya ɗumama, enzayim masu cin furotin za su farka, kuma washegari ba abin da za ka gani sai dusar layuka a ƙasan jel. In ba ka amince da wutar dare ba, gara ka juya samfurin awa biyu zuwa huɗu da rana kana tsaye a kansa.

A kan takardar sakamako layi uku ne dole. Na farko ɗan kaso ne na ruwan kafin a janyo komai, don a ga B yana nan tun asali. Na biyu janyowa da antibodin banza na dabba iri ɗaya, wanda bai san A ba. Na uku shi ne gwajin. In B ya fito a na uku bai fito a na biyu ba, ka samu wani abu. In ya fito a duka biyun, duwatsun yake manne wa, sai ka ƙara wanki ko gishiri. Ka lura da layuka biyu masu kauri a wajen kilodalton 50 da 25: sassan antibodin ne da kansa, kuma in nauyin B ya faɗo kusa da nan za su rufe shi ko su yi kama da shi. Furotin masu riƙe DNA ko RNA kuma sukan biyo juna ta kan zaren ba tare da sun taɓa juna ba, don haka ka zuba enzayim mai yanka shi kamar Benzonase ka ga ko alaƙar za ta tsira. Daga nan ka juya gwajin, ka janyo B ka nemi A, kuma ka maimaita da sabon samfuri aƙalla sau uku.

Ko duk wannan ya yi kyau, abin da za ka rubuta shi ne A da B suna cikin tari ɗaya. Kafin ka ce suna taɓa juna kai tsaye, sai an tace kowanne shi kaɗai an haɗa su a kwalba, ko an auna ƙarfin riƙon da na'ura, wanda galibi sai da haɗin gwiwar wani ɗakin gwajin. A babin hanyoyin bincike ka rubuta sigar STRING da ka yi amfani da ita, da ranar da ka sauke bayanan, da makin da ka yanke a kai, da irin hujjojin da ka kunna da waɗanda ka kashe, sannan ka ajiye jadawalin asali da fayil ɗin Cytoscape a wuri biyu, domin rumbunan suna sabuntawa kuma ragar bana ba lallai ta zama ta baɗi ba.